Rumbu Ɗari Tara, Magatakarda Ɗaya: Amsoshin Tambayoyinku Kan Injin Bincike

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Auyo da Haɗejia a Jihar Jigawa, inda nake kula da kwamfutocin wata haɗakar ƙungiyoyin manoman shinkafa, alkama da riɗi. Kowace ƙungiya tana da rajistarta, wadda ta ƙunshi sunayen mambobi, da girman gonar kowa, da takin da ya karɓa bashi, da buhunan da ya biya bayan girbi. Domin sauƙaƙa neman suna, na ɗora manhajar bincike ta Solr a kan na'urori uku masu aiki tare, kowace tana da ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, giga 16, na ware wa manhajar giga 8 daga ciki. Gudun kada bayanan wata ƙungiya su cuɗu da na wata, sai na buɗe wa kowace kundinta daban, na raba kowane kundi sashe biyu, kowane sashe kuma na yi masa kwafi biyu. Lokacin da muke da ƙungiyoyi arba'in komai lafiya lau. Yanzu mun kai 900, bayanan duka ba su wuce miliyan biyu ba, faifan ajiya ko rubu'i bai cika ba, amma buɗe sabon kundi, wanda a da ƙiftawa da bismilla ne, yau sai in je in yi alwala in dawo bai gama ba. Mafi muni shi ne ranar da aka ɗauke wuta har batiran inbata suka ƙare. Bayan mun tayar da janareta, na zauna tun La'asar har bayan Isha'i ina kallon allon da ke nuna halin kundayen, wasu kore, wasu rawaya, wasu ja, wanda ya zama kore ma can sai ya koma rawaya, ga sakatarorin ƙungiyoyi sun cika rumfar ofis suna jiran takardar rabon taki. Shugabanninmu sun ce a sayo na'ura ta huɗu. Shin wannan zai magance matsalar? Kuma kundi nawa ne iyakar abin da gungun na'urori irin namu zai iya ɗauka?

Daga wani mai karatu, Ƙaramar Hukumar Auyo.

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin shugabanninku su ciro kuɗin na'ura ta huɗu, ka roƙe su su dakata, domin ciwon ba a wurin yake ba. Mu fara da lissafin da ke kwance cikin wasiƙarka. Kundi 900, kowane da sashe biyu, ya ba mu sassa 1,800. Kowane sashe da kwafi biyu, ya ba mu kwafi 3,600, wato 1,200 a kan kowace na'ura. Idan kuma muka raba bayanai miliyan biyu tsakanin kundayen, kowane sashe bai riƙe abin da ya fi bayani dubu ɗaya da 'yan kai ba. To, kowane kwafi da kake gani cikakkiyar fihirisa ce, wato jerin kalmomin da ake bi a gano bayani, mai zaman kanta ta Lucene, injin da Doug Cutting ya rubuta a 1999, wanda Solr da takwararta Elasticsearch duka a kansa aka gina su, kuma fihirisa guda ɗaya tak ta Lucene tana iya ɗaukar bayanai har 2,147,483,519. Duk abin da haɗakarku ta tara bai kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da fihirisa ɗaya za ta iya riƙewa ba, amma ka baza shi cikin fihirisa 3,600.

Tunda daga ƙauye ka rubuto, ka san yadda ake gina rumbu. Sai an jera duwatsu a ƙasa domin a ɗaga gindinsa daga danshi da gara, an yi yaɓe, an yi masa jinka, sa'annan duk shekara kafin damina a sake duba jinkar. Wannan hidima ba ta tambayar abin da ke ciki, rumbun da ke ɗauke da dami ɗari da wanda tiya biyu kawai aka zuba masa duk duwatsu iri ɗaya suke ci, kuma duk sai an hau an gyara musu jinka. Abin da ka yi shi ne gina rumbu dubu uku da ɗari shida domin hatsin da rumbu ɗaya zai lanƙwame, saboda haka ƙarfin na'urorinka ya tafi wajen kula da rumbuna, ba wajen hatsi ba. Kowane kwafi yana buɗe fayiloli da dama a faifai, yana da littafin ajiyar abin da aka rubuta masa na ƙarshe, yana da ma'ajiyoyinsa na amsoshin da aka tambaya kwanan nan, kuma duk waɗannan suna cin ram ko ana amfani da kundin ko ba a yi. Ko da fayil talatin kawai muka ƙaddara wa kowane kwafi, na'ura ɗaya tana riƙe da fayil 36,000 a buɗe, alhali yawancin na'urorin Linux suna zuwa ne da iyakar 1,024, shi ya sa Solr da kanta take gargaɗi tun wajen kunnawa cewa a ɗaga iyakar zuwa 65,000. Giga 8 ɗin da ka ware kuwa, idan aka raba shi tsakanin kwafi 1,200, kowane bai samu megabait bakwai cikakke ba.

Wannan rabin labarin ke nan, kuma shi ne rabin da ƙarin na'ura zai ɗan rage. Ɗaya rabin shi ne wanda ya zaunar da kai daga La'asar zuwa Isha'i.

Na'urorin da ke aiki tare dole ne su yi ittifaƙi a kan wane kundi ne yake ina, wane kwafi ne jagoran sashensa, wanne ne lafiyayye, wanne ne ke farfaɗowa. Solr ba ta riƙe wannan littafi da kanta, tana damƙa shi ne ga wata manhaja mai suna ZooKeeper, wadda aka fara ƙirƙira a kamfanin Yahoo. Bugu da ƙari, a tsarin da Solr take zuwa da shi, ba kowace na'ura ce take rubutu a littafin yadda ta ga dama ba. Ana zaɓen na'ura ɗaya ta zama Obasiya (Overseer), wato mai sa ido, kuma duk kwafin da halinsa ya sauya sai ya jefa takarda a layin Obasiya, shi kuma ya riƙa ɗauka yana shigarwa, sa'annan ZooKeeper ta sanar da duk na'urorin da abin ya shafa su sake karanta shafin da aka gyara. Ka ƙaddara a ce ranar Lahadi a kasuwar Gujungu magatakarda ɗaya ne kawai yake rubuta rasit ga kowane buhu da ya shigo, ga biro ɗaya ga littafi ɗaya. Idan layi ya yi tsawo aka ƙaro 'yan dako hamsin, buhuna za su iso teburinsa da sauri, amma hannunsa bai ƙara gudu ba. Na'ura ta huɗu ƙarin 'yan dako ce. Hasali ma za ta zo ne babu komai a kanta, sai ka bi da kanka ka kwashe kwafi ɗaruruwa ka mayar mata, kuma kowane kwashewa wata takarda ce a teburin magatakardan nan.

Yanzu dubi abin da ya faru ranar da wuta ta ɗauke. Da na'urorin suka tashi, kowane kwafi daga cikin 3,600 sai ya sanar da cewa yana kwance, can ya sanar da cewa yana farfaɗowa, daga ƙarshe ya sanar da cewa ya miƙe, wato takardu sama da dubu goma a layi ɗaya. A lokaci guda ana gudanar da zaɓen jagora a sassa 1,800, kuma kwafin da ya riga ɗan'uwansa tashi yakan jira shi har tsawon minti uku kafin ya karɓi jagoranci, domin kada wanda bayanansa suka tsufa ya zama shugaba. Da yake kashewar ba ta tsari ba ce, kowane kwafi sai ya koma ya karanta littafin ajiyarsa ya maimaita abin da bai kai ga adanawa ba. Duk wannan yana cin ram, kuma Solr da harshen Java aka rubuta ta, wanda idan ƙwaƙwalwar da aka ware masa ta kusa cika yakan tsayar da aiki cak domin ya yi shara. Idan tsayuwar ta wuce daƙiƙa talatin, wanda shi ne wa'adin da Solr take zuwa da shi, ZooKeeper sai ta ɗauka na'urar ta mutu ta share sunanta daga jerin masu rai. Nan take a sake zaɓen jagorori, a sake farfaɗowa, a sake jefa dubban takardu a layin da tun farko bai ragu ba. Kore da ka ga yana komawa rawaya, wannan ne sanadinsa.

Wannan matsala ba a kanka aka fara ba, kuma masu haɓaka Solr sun daɗe suna fama da ita. Lokacin da tsarin gungu ya fito a Solr 4.0 cikin Oktoban 2012, halin dukkan kundaye a fayil ɗaya ake rubuta shi, mai suna clusterstate.json, ta yadda ko kwafi ɗaya ne ya yi tari sai an sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya kowa ya sake karantawa. Ga shi kuma ZooKeeper ba a gina ta don manyan kaya ba, iyakar abin da take karɓa a saƙo ɗaya kusan megabait ɗaya ne. Daga Solr 5.0 a 2015 aka raba, kowane kundi ya samu fayil ɗinsa na state.json. A Solr 8.8 ta 2021 aka ƙara wani zaɓi da ke ba kowane kwafi damar rubuta halinsa da kansa a ƙaramin gurbi ba tare da ya bi layin Obasiya ba, sai dai zaɓi ne da mai kula da gungu zai kunna. Ba ka faɗa mini wacce kake amfani da ita ba, amma idan tsohuwa ce, sabuntawa za ta rage maka zafi. Iyakar megabait ɗayan nan kuwa har yau tana cizo ta wata fuskar: idan takardun da ke layi suka yi yawa ƙwarai, jerin sunayensu kaɗai yakan haura iyakar, sai Obasiya ya kasa karanta layinsa, komai ya tsaya. Ana iya ɗaga iyakar ta hanyar saitin jute.maxbuffer, amma sai an sauya shi a kan kowace ZooKeeper da kowace Solr, kuma a ganina wannan faɗaɗa teburin magatakarda ne kawai.

Game da tambayarka ta kundi nawa ne iyaka, Solr ba ta rubuta wata lamba da za ta ce daga nan ba ƙari ba, shi ya sa mutane suke zurfafawa ba su ankara ba. Abin da ya kamata ka riƙa ƙirgawa ma ba kundi ba ne, kwafi ne, kuma ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne tsawon lokacin da gungu yake ɗauka kafin ya miƙe gaba ɗaya bayan an kashe shi an kunna. Gungu mai kundaye da yawa yakan yi aiki sumul muddin ba a taɓa shi ba, domin bincike a kundi ƙarami ba ya da nauyi. A biranen da wuta ba ta yankewa, mutum zai iya shekara bai gane ya wuce gona da iri ba. Kai kuwa kana wurin da batiri zai iya ƙarewa sau biyu a mako, saboda haka iyakarka ta fi tasu kusa, kuma ka riga ka haura ta.

Magani shi ne a rushe rumbunan a gina ɗaya. Ka buɗe kundi guda, sashe ɗaya, kwafi uku, kowace na'ura ta riƙe kwafi ɗaya, ka ga daga 3,600 an dawo 3. A kowane bayani ka ƙara gurbi mai ɗauke da lambar ƙungiya, sa'annan duk binciken da zai fita daga manhajarku ya tafi da matacin da ke cewa a nuna na ƙungiya kaza kawai. Solr tana ajiye sakamakon irin wannan mataci a kusa, don haka ba ya rage gudu. Ka tabbata lambar kowane bayani ba ta yi karo da ta wata ƙungiya ba, kuma hanya mafi kyau ita ce ka sa lambar ƙungiya a gaba, sai alamar motsin rai, sai lambar manomi, kamar 127!45. Wannan rubutu yana da fa'ida ta biyu, domin Solr tana amfani da abin da ya gabaci alamar wajen zaɓen sashen da za ta ajiye bayani. Ranar da haɗakarku ta bunƙasa har kuka raba kundin sassa huɗu ko takwas, bayanan kowace ƙungiya za su kasance a wuri ɗaya, kuma za ka iya aika bincikenta kai tsaye zuwa sashenta ba sai an tashi sauran ba.

Ba zan ɓoye maka abin da za ka rasa ba. Na farko kuma mafi girma shi ne katangar da ke tsakanin ƙungiyoyi. A da kundi ne katangar, yanzu kuwa matacin nan ne, kuma izinin da Solr take bayarwa a kan kundi yake tsayawa, ba ya sauka kan bayani ɗaya-ɗaya. Idan aka manta da mataci a shafi ɗaya na manhajarku, sakataren wannan ƙauye zai ga bashin takin mutanen wancan ƙauye, kuma ka fi ni sanin abin da irin wannan yake haifarwa a majalisar bakin kasuwa. Saboda haka a wuri ɗaya tak za a riƙa liƙa matacin, a cikin manhajar da ke kan sabar, wato babbar kwamfutar da wayoyin sakatarori suke haɗuwa da ita, bisa ga wanda ya shiga da sunansa, ba a wayar sakatare ba, kuma kada a bar ƙofar Solr a buɗe ga intanet ko kaɗan. Na biyu, share ƙungiyar da ta fita zai zama share bayananta ta hanyar bincike, wanda sararinsa ba ya dawowa nan take sai Lucene ta haɗe gutsattsarinta. Akwai kuma ɗan sauyi wajen jera sakamako, tunda ana auna nauyin kalma ne da yawanta a cikin fihirisa baki ɗaya, amma ga mai neman sunan manomi wannan ba abin damuwa ba ne.

A ɗaya gefen za ka samu wani sauƙi da ban ga ka ambata ba, ko da yake na tabbata ka ci karo da shi. Wani sakatare zai rubuta Ɗanladi da ƙugiya, wani ya rubuta Danladi babu ƙugiya domin wayarsa ba ta da harafin, sai a nemi mutum a rasa alhali yana cikin rajista. Lucene tana da matacin haruffa da ke mayar da ɗ, ƙ da ɓ zuwa d, k da b wajen shigarwa da wajen nema. Sanya shi yana bukatar a sake loda kundi a kuma sake shigar da bayanansa. A tsarinka na yanzu aikin sau 900 ne, a sabon tsari sau ɗaya.

Wajen ƙaura, ka ɗauko bayanan daga asalin ma'ajiyarku, domin injin bincike bai kamata ya zama shi kaɗai ne wurin da rajista take zaune ba. Idan ka gama shigarwa, ka sa Solr ta ƙirga maka bayanan kowace ƙungiya a sabon kundi ka gwada da na tsoho, kada ka share komai sai lambobin sun yi daidai. Sa'annan ka riƙa share tsofaffin kundaye kaɗan-kaɗan, ashirin ko talatin a zama ɗaya, domin sharewa ma ta teburin Obasiya take bi. Kuma kada ka yi wannan aiki a makon rabon taki ko lokacin da ake karɓar buhuna bayan girbi.

Abu na ƙarshe, na'urorinka uku suna ɗaki ɗaya a kan inbata ɗaya, saboda haka kwafin da ka yi yana kare ka ne daga mutuwar faifai, ba daga ɗaukewar wuta ko ruwan da zai shigo ɗaki ba, kuma mutumin kwarin Haɗejia ba sai an ba shi labarin ambaliya ba. Kuɗin na'ura ta huɗun nan, da ni ne, da na kashe shi wajen ƙarin batiri, da na'urar da za ta kashe kwamfutocin cikin tsari idan caji ya yi ƙasa, da faifan da za a riƙa kwafe komai a kai shi wani gari duk mako. Idan ZooKeeper tana zaune ne a kan na'urorin nan uku, ka ba ta faifanta daban, ka kuma riƙa kunna ta kafin Solr, ka tuna cewa cikin ukun sai biyu suna raye take aiki. Allah ya taimaka.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni malama ce a Ƙaramar Hukumar Bunkure ta Jihar Kano, kuma ni ke kula da bayanan halartar ɗalibai na wasu makarantun Islamiyya guda talatin. Wanda ya kafa mana tsarin da Elasticsearch ya yi shi, a kan na'urori biyu, kuma kowace makaranta tana samun sabon kundi kowace rana. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki sai ya ƙi buɗe sabon kundi, yana cewa sassa sun cika, alhali faifai fanko ne. Wani ya ce mu koma Solr. Mene ne shawararka?

Daga wata mai karatu, Bunkure.

AMSA

Malama, barka kadai. Ki karanta amsar da ke sama, za ki ga cewa komawa Solr guduwa ce daga ruwa a faɗa kogi, domin can babu ma wanda zai tsayar da ke. Elasticsearch, wadda Shay Banon ya fitar a 2010, ba ta amfani da ZooKeeper, amma ita ma tana zaɓen na'ura ɗaya ta riƙe littafin halin gungu, ta riƙa rarraba kowane sauyi ga sauran, kuma littafin yana kumbura da kowane kundi da aka ƙara. Masu ita sun ga yadda mutane suke kashe gungunsu da ƙananan kundaye, shi ya sa daga fitowa ta 7.0 a 2019 suka rage adadin sassan sabon kundi daga biyar zuwa ɗaya, suka kuma sa shinge na sassa 1,000 ga kowace na'urar da ke riƙe bayanai, ana ƙirgawa har da kwafi. Na'urori biyu sun ba ki 2,000. Makarantu talatin a kowace rana, kundi ɗaya kowace, za su cinye wannan adadi cikin kwana 66 da ɗoriya idan ba a yin kwafi, wanda ya yi daidai da wata biyu da 'yan kwanakin da kika ambata. Wannan ya nuna mini cewa ba ku da kwafi ke nan, kuma wannan wata matsala ce da ya kamata ki tayar wa wanda ya kafa tsarin.

Ana iya ɗaga shingen da umarni ɗaya, kuma kina iya yin hakan na mako guda domin aiki ya ci gaba, amma ba don a zauna a haka ba. Shawarar da kamfanin Elastic yake bayarwa ita ce sashe ya kasance tsakanin giga 10 da giga 50, sunayen ɗaliban makaranta ɗaya na rana ɗaya kuwa ko megabait ɗaya da wuya su kai. Tsarin kundi a kowace rana an yi shi ne domin manyan kamfanoni masu zubar da bayanai kamar ruwan Agusta, waɗanda suke son su riƙa jefar da na kwanakin baya a dunƙule. Ke kundi ɗaya a shekarar karatu ya ishe ki, dukkan makarantun a ciki, kowane bayani da gurbin makaranta da gurbin kwanan wata. A kwashe na wata biyun nan a zuba a sabon kundin, a gwada ƙirga, sa'annan a share na da.

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne daga Ringim. To, yaushe ne ya halatta a ware wa mai amfani kundinsa daban?

AMSA

Ɗana, yakan halatta a wurare kaɗan, kuma dukkansu sai an ƙirga. Idan siffar bayanan ta sha bamban, kamar rajistar manoma da rajistar dabbobin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, haɗa su a kundi ɗaya wahala ce kawai, sai kowanne ya samu nasa. Haka nan idan mai amfani ɗaya ya girma har ya kai sauran duka a haɗe, ko yawan bincikensa yana danne na maƙwabtansa a sashen da suke tare, sai a fitar da shi shi kaɗai a bar ƙananan a dunƙule, wanda shi ne tsarin da na fi so: manya kaɗan kowa da kundinsa, ƙanana masu yawa a kundi ɗaya. Akwai kuma inda yarjejeniya ko doka ta wajabta cewa bayanan wani ba za su zauna wuri ɗaya da na wani ba, wannan ba a jayayya da shi. Idan irin waɗannan dalilai suka tara maka kundaye har lokacin tashin gungu ya fara tsawo, kada ka ci gaba da ƙara na'urori a gungu ɗaya. Ka kafa gungu na biyu mai ZooKeeper ɗinsa da Obasiyansa, manhajarka ta riƙe ɗan jadawalin da ke nuna wane mai amfani ne yake wane gungu, ta yadda idan ɗaya ya faɗi ɗayan yana tsaye. Tunda ɗalibi ne kai, ka gwada da hannunka: ka kunna Solr a kwamfutarka, ka buɗe kundi hamsin marasa komai, ka kashe ka kunna ka duba agogo, sa'annan ka mayar da su ɗari biyu, sa'annan ɗari biyar, ka rubuta lokacin kowanne da ram ɗin da ya ci, ka aiko mini da abin da ka samu.